Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Nawa Ne Kuɗin Burin Naka?

A makon jiya na tsaya ne a inda na sauka Yamai a shekarar 1991, da ƙullin kayana da basillar da mahaifina ya ba ni, bayan motar da ta ɗauko mu daga Tawa ta bi ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500. Lokacin ana cikin babban taron ƙasa, duk rediyon da ka kunna maganar ke nan. Ni kuwa abin da ke gabana shi ne rumfar Kawu, wan mahaifiyata, kusa da kasuwar Wadata, inda zan ci gaba da dukancin da na gada.

Sa'o'ina na Adar kusan duk Abijan suka nufa cin rani, kamar yadda iyayenmu suka saba. Ba na ganin laifinsu, da kuɗin Abijan aka gina gidaje da yawa a garinmu. Amma ni zuciyata tana ga fata. Abin da nake so shi ne rumfa tawa ta kaina, da keken ɗinkin fata, in riƙa fitar da kayan da na zana da hannuna. A rumfar Kawu kuwa aiki iri ɗaya ne shekara da shekaru: fade, alabe, kube, da layu. Aiki ne mai tsabta, ba a taɓa dawo masa da shi ba, sai dai samfurin bai canza ba tun zamanin kakanmu.

Da dare mukan zauna a fada, samari, ana dafa shayi, kowa yana faɗin abin da zai zama. Wannan zai sayi taksi, wancan zai buɗe shago a Babbar Kasuwa. Ni ma ina faɗin nawa. Wata rana da la'asar, muna yankan fata, na faɗa wa Kawu. Bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen yankan, sannan ya ajiye wuƙar ya ce, "To madalla, ɗan nan. Nawa ne kuɗin burin naka?"

Na ce, "Kawu, Allah dai zai kawo."

Ya ce, "Allah zai kawo, haka ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka tambayo, ka zo mini da lissafi."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na taka har Katako, wurin masu sayar da tsofaffin kekunan ɗinki, na tambayi farashin wanda zai iya cin fata. Na sauka Gamkalle bakin kogi, wurin majema, na tambayi kuɗin fatar akuya jemammiya, da wadda ba a taɓa ba. Na tambayi kuɗin hayar rumfa, da zare, da gam, da zif. Boko ban yi nisa ba, amma na yi allo, don haka da ajami na rubuta komai a littafin 'yan lakwal mai bango shuɗi. Da na haɗa jimla sai na ga kuɗi ne masu yawa, amma suna da iyaka. Na raba su a kan abin da zan iya ajiyewa kowane mako, ya ba ni kusan shekara uku. A ranar hankalina ya kwanta irin kwanciyar da bai taɓa yi ba a fada.

Na shiga adashin Adarawa na kasuwa da zubin dala ɗari a mako, na roƙi uwar adashe ta sa ni a kwasar ƙarshe don kada kuɗi su zo hannuna da wuri. Duk sa'ad da na kwasa, rabi nake aika wa Inna a Tawa ta saya mini jar akuya ta ɗaure a gida. Shawararta ce. Ta aiko mini da saƙo cewa takarda ba ta haihuwa, akuya kuwa tana yi.

Wannan ɓangaren kuɗi ke nan. Ɗaya ɓangaren, wanda na fi son matasa masu sana'ar hannu su saurara, shi ne abin da nake yi bayan sallar asuba. Kafin Kawu ya fito, nakan zauna bakin rumfa da fensir da takardar buhun siminti na Malbaza, wadda magina ke yarwa. In kakkaɓe ta, in raba ɓawon, in shimfiɗa a kan katako. Na ɗora wa kaina doka: ba zan taɓa aikin rumfa ba sai na zana abu ɗaya da ban zana jiya ba. Ko da murfin jaka ne kawai, ko yadda igiya za ta haɗu da jiki. Wanda ya yi mini kyau sai in yanke samfurinsa a kwalin sukari, in ɗinka ƙaraminsa da guntayen fatar da ake sharewa da yamma. Kawu ya yarje mini guntayen, da sharaɗin kada in taɓa fata sukutum.

Yawancin zanen nan ba su zama komai ba, kuma haka abin yake ga duk mai ƙirƙira. Amma hannu yana sabawa, ido yana buɗewa. Ranar hutu nakan je gidan tarihi na ƙasa, inda masu sana'ar hannu ke aiki a gaban jama'a, in tsaya ina kallon yadda Buzaye ke jera kore da ja a jakunkunansu, da yadda suke tsaga fata siri-siri su yi geza. A Babbar Kasuwa kuwa ba kaya nake kallo ba, mutane nake kallo: wace jaka mata ke rataye, ina take fara tsinkewa. A nan na lura da jakunkunan 'yan lakwal da ake shigowa da su daga waje. Suna da kyau a ido, amma kusan duka wuri ɗaya suke mutuwa, a gindin igiya, inda nauyin littattafai ke ja.

Sai na tuna gafakar malaminmu na allo a Tawa, wadda ya gada, har yanzu igiyarta ba ta motsa ba. Dalili kuwa igiyar ba a saman jaka aka ɗinke ta ba, ta zagaye ta ne ta ƙasa, jakar tana zaune a kanta. Na ɗauki wannan dabara na faɗaɗa gafakar ta ci littafin boko da allon yara, na yi mata igiya biyu na goyo, na ninka fata a kusurwoyi, na ɗinke da tsirkiyar fata maimakon zare. Jiki ja na karan dafi, baki-bakin da kuloko. Na yi ta gyara samfurin har ya daina ba ni haushi, na rataye shi a cikin ɗakina ban nuna wa kowa ba.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar Sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa tamma 50 ya koma tamma 100 dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Na koma Katako, keken da na sa wa ido ya yi tsalle, ga shi saura kaɗan lissafina ya cika. Ba zan ɓoye ba, na yi baƙin ciki ƙwarai a makon nan. Samarin fada da yawa a lokacin suka daina maganar taksi da shago.

Da na buɗe littafin nan mai bango shuɗi sai na ga ba duka dukiyata ce takarda ba. Awakin da ke hannun Inna sun hayayyafa, kuma dabbobi sun yi daraja saboda masu fitar da su ƙasashen maƙwabta. Fata da bagaruwa da karan dafi kuwa namu ne na gida, ba su bi kayan waje ba wajen tsada. Na sake lissafi daga farko. Na jinkirta maganar keke, na juya kuɗin adashe kan fata. Layya ta faɗo cikin watan Mayu a shekarar, lokacin da fata ke yawa a gari, na saya na kai Gamkalle aka jeme mini. Daminar nan kaf, bayan na gama aikin Kawu, jakar 'yan lakwal nake ɗinkawa da basilla a hasken fitilar ƙwai.

Kafin a koma lakwal a watan Oktoba na kawo su rumfa. Kawu ya ɗauki ɗaya, ya cusa mata dutsen da muke daka fata a kai, ya ɗaga ta da igiya ɗaya ya girgiza. Ya juya ta ya duba ɗinkin ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Rataye su a gaba, ɗan nan, inda masu wucewa za su gani. Kuɗinsu naka ne, ba na rumfa ba."

Iyayen yara da suka je kasuwa suka tarar jakar waje ta fi ƙarfinsu, su ne suka fara tsayawa. Wata malamar lakwal ta saya wa 'yarta, bayan mako ɗaya ta dawo da saƙon iyaye da yawa. Wasu sun biya nan take, wasu sai ƙarshen wata, duk na rubuta. Da wannan ciniki, da awaki huɗu da Inna ta sayar a kasuwar Tawa ta ranar Lahadi, na biya kuɗin keken kafin sanyi ya shigo, aka turo mini shi a kura daga Katako har Wadata.

Keke ya samu, amma rumfar Kawu ba ta da wurin ajiye shi, kuma a daidai lokacin Inna ta aiko cewa in zo gida, an yi mini maganar aure. Yadda na raba kuɗin da ya rage tsakanin hayar rumfa da sadaki, da abin da Kawu ya faɗa wa dattawan da suka zo daga Tawa, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.