Kakan Hajiya da labarin Dutsen Mora

Talata, Berlin.

Yau na wuni a gidan adana takardun tarihi na tarayyar Jamus, wato Bundesarchiv, reshen da ke unguwar Lichterfelde, ina bin sawun mutumin da a gidanmu na Garwa, a arewacin Kamaru, ba a kiransa da komai sai Bature. Shi ne kakan kakata Hajiya ta wajen uwa, kuma abin da ya rage mana nasa bai wuce hoto ɗaya da ya koɗe da maɓallin rigar soja ba, sai sunansa da aka rubuta da fensir a bayan hoton, wanda babu mai iya karantawa a gida saboda irin rubutun hannun Jamusawan dā ne. Wani abokin karatuna Bajamushe ne ya warware mini haruffan, shi ya sa na sami abin da zan nema da shi.

Labarin da muka taso muna ji daga bakin Hajiya bai taɓa canzawa ba. Ta ce Bature babban hafsa ne, ya musulunta a hannun wani malami kafin a ɗaura masa aure da kakarta, kuma da Turawan Ingila suka taso daga Yola sai ya bar matarsa da jaririya a goye ya hau Dutsen Mora da sojojinsa, ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi a can. Kullum takan rufe da cewa ranar da aka ci su, sojoji suka yi ta faɗawa kogi ruwa yana tafiya da su.

Harabar gidan ta taɓa zama makarantar horar da hafsoshin Furusiya, babbar masarautar Jamus ta dā, daga baya barikin dakarun SS masu gadin Hitler, sannan sojojin Amurka suka zauna a ciki har 1994. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta fara da yanke mini buri, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Ta bayyana mini cewa takardun rundunar sojan Furusiya, haɗe da mafi yawan na rundunar mulkin mallaka da ake kira Schutztruppe, suna ajiye ne a Potsdam, kuma sun ƙone a daren 14 ga Afrilu 1945 lokacin da jiragen Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai. Saboda haka kada in sa ran samun fayil guda mai ɗauke da tarihin aikin mutum daga ranar ɗauka zuwa ranar sallama. Abin da ya tsira shi ne takardun ma'aikatar mulkin mallaka, waɗanda suke ƙarƙashin lamba R 1001, da kwafin wasu takardun gwamnan Kamaru waɗanda asalinsu ke Yawunde, sai kuma jaridu da jerin sunayen da aka buga tun a lokacin.

Na fara da jaridar hukuma mai suna Deutsches Kolonialblatt, wadda ta riƙa buga sunayen duk jami'in da ya sauka a Duwala ko ya tafi hutu gida. A nan na ga sunansa karon farko a rayuwata cikin ɗab'i, shekaru kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a layi ɗaya da wasu mutum biyu da suka iso tare, kuma muƙamin da ke gaban sunan saje ne. Wannan bai dame ni sosai ba, domin a 1914 Jamusawan da ke cikin rundunar Kamaru duka kusan 200 ne a kan sojoji baƙar fata sama da 1,500, don haka sajen Bature ɗaya kan riƙe mutane da yawa, ya yi hukunci, ya karɓi gaisuwar lamiɓe da jauro, kuma ga wanda yake kallonsa daga ƙofar bariki babu abin da ya raba shi da kwamanda. Girman da gida ya ba shi girman da aka gani da ido ne, ko da takarda ba ta san da shi ba.

Batun Mora ne ya ɗauki mafi yawan yinina. Wanda ya riƙe dutsen sananne ne, Kyaftin Ernst von Raben, kuma ya riƙe shi tun daga ƙarshen Agusta 1914 har zuwa 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran sojojin Jamus sun riga sun tsallaka zuwa yankin Sifaniya na Rio Muni. Yunwa ta kai su ga yanka dawakansu da jakunansu, shi kansa von Raben harsashi ya same shi a kai, kuma bai sauko ba sai da ya sa sharaɗin a bar sojojinsa baƙar fata su koma gida, a kuma ba shi kuɗin da zai biya su bashin albashinsu. Labari ne da ya cika arewacin Kamaru, kuma na fahimci dalilin da ya sa kowane gida mai alaƙa da Jamusawa zai so a ce nasa yana kan dutsen. Sai dai Jamusawan da ke can 'yan kaɗan ne ƙwarai, ana iya ƙirga su, kuma na bi sunayen da na samu ɗaya bayan ɗaya ban ga nasa ba, ko cikin waɗanda suka mutu ko cikin waɗanda suka sauko.

Abin da ya juya hankalina shi ne maganar kogin nan ta Hajiya. Mora tana arewa da Garwa da tafiyar sama da kilomita 250, a gefen tsaunukan Mandara, kuma waɗanda aka tsare a kan dutsen ruwan sha ma wuya yake yi musu, balle kogin da zai ci mutum. Kogin da ya ci sojoji Binuwai ne, a Garwa, ƙofar gidanmu. A ƙarshen Agusta 1914 Turawan Ingila sun kawo wa Garwa hari daga Yola aka kore su, har kwamandansu ya mutu. Suka dawo a 1915 ƙarƙashin Kanar Cunliffe tare da Faransawan Kanar Brisset, wannan karon da manyan igwa, ɗaya daga ciki ma daga jirgin ruwan yaƙi aka cire ta aka hauro da ita ta kogi. Da luguden ya yi tsanani sojojin baƙar fata da yawa suka watse, wasu suka yi ƙoƙarin ƙetare Binuwai da iyo suka nutse, kuma ranar 10 ga Yuni 1915 Kyaftin von Crailsheim ya ɗaga farar tuta. Jamusawa 37 da sojoji baƙar fata 212 aka kama. Yana da kyau in rubuta a nan cewa Hausawa suna ɓangarorin biyu, domin Jamus ta ɗebi Hausawa aikin soja tun farkon zuwanta, haka ma rundunar Najeriya cike take da su, ta yadda mai yiwuwa waɗanda ke harbin juna a bakin kogin da yare ɗaya suke zagin juna.

Bayan azahar na koma kan jerin asarar yaƙi da gwamnatin Jamus ta riƙa bugawa, wanda masu aikin sa kai na wata ƙungiyar binciken nasaba suka shigar a intanet, sunaye fiye da miliyan 8. Sunansa yana nan, da garin haihuwarsa, da kalma guda a gabansa mai nufin an kama shi. Daga nan na buɗe katunan fursunonin yaƙi na ƙungiyar Red Cross da ke Geneva, waɗanda aka saka a intanet a 2014, na tarar da kati mai sunansa da muƙaminsa, an rubuta Garua a matsayin wurin kamu, sannan sunan wani sansani a Ingila. Ke nan Bature bai je Mora ba, bai mutu a yaƙi ba, kuma a ranar da aka fito da shi daga ganuwar Garwa a matsayin fursuna matarsa tana cikin garin, wataƙila ma tana cikin masu kallo.

Ina ganin kakar Hajiya ta san gaskiya sarai, kuma ita ce ta ɗora mutuwar a kan Mora. Mace da aka bari da 'yar Bature a garin da sababbin Turawa suka karɓa, cikin mutanen da za su tambayi ina uban yarinya, ta fi samun sutura idan ta ce mijinta ya mutu a fagen fama da a ce an tafi da shi kuma bai sake waiwayo ba. Ta ari jaruntar von Raben ta lulluɓa wa 'yarta, amma abin da idonta ya gani a bakin Binuwai ya ƙi fita daga labarin, ya bi bakin 'yarta ya shiga bakin jikarta har ya iso gare ni bayan shekara ɗari da 'yan kai. Ban ɗauki wannan ƙarya ba, kuma ba zan yarda wani ya kira shi haka a gabana ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikin wani fayil na R 1001 na ci karo da rahoton sintirin ladabtarwa a kan wasu ƙauyukan kan tsaunuka da aka ce sun ƙi biyan haraji, kuma sunansa yana cikin Turawan da suka fita. Rahoton ya lissafa harsasan da aka kashe da shanun da aka kwaso da bukkokin da aka ƙone, cikin irin nutsuwar da malamin kanti ke rubuta ciniki. Bai faɗi abin da kowane mutum ya yi da hannunsa ba, ni ma ba zan ɗora masa abin da ban gani ba, amma yana wurin, yana da bindiga, yana ba da umarni. A gida mun riƙe hotonsa muna alfahari da dogon hancin da muka gada, alhali a kan waɗancan tsaunuka akwai gidajen da su ma suke da nasu labarin Baturen, wanda babu maɓalli ko hoto a cikinsa.

Ita kuwa kakar Hajiya babu ita a takarda ko ɗaya. Jamus ta haramta auren Bature da 'yar ƙasa a Afirka ta Kudu maso Yamma a 1905, a Afirka ta Gabas a 1906, a Samoa a 1912, kuma ko a inda ba a kafa doka ba hukuma ba ta ɗauki irin wannan zama a matsayin aure ba, don haka ba ta rubuta shi. Musuluntarsa da ɗaurin auren ba abin da wannan gida zai tabbatar ko ya ƙaryata ba ne. Tambayar da ta tsaya mini ita ce ko da yardarta aka kai ta, ko kuwa wani mai sarauta ne ya miƙa ta cikin kayan gaisuwa kamar yadda aka saba yi wa Turawan bariki a zamanin, kuma idan akwai amsa to tana wajen tsofaffin Garwa ne.

Da dare na kira Kawu na karanta masa abin da ke kan katin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗana, Allah Ya sa alheri ne. Amma kada ka faɗa wa Hajiya a waya." Na ce, "Kawu, idan ta tambaye ni fa? Ta san dalilin zuwana." Ya ce in gaya mata na ga sunan kakanta a littafin gwamnati, wanda gaskiya ne, sauran kuma sai na zo hutu mu zauna da ita tare da Goggo, domin irin wannan magana ana kallon fuskar tsohuwa ne ana yinta. Ya kuma ce in nemi sanin ko Baturen ya yi wani aure a ƙasarsu, saboda idan muna da 'yan uwa a nan bai kamata in riƙa wuce su a hanya ba.

Garin haihuwar da ke kan jerin yana cikin tsohuwar masarautar Württemberg, kuma wannan sa'a ce, domin rajistar sojojin Württemberg tana Stuttgart, ba ta shiga gobarar Potsdam ba, don haka ana iya samun rundunar da ya fara aiki a cikinta kafin a tura shi Kamaru. Dokar Jamus kuma tana buɗe rajistar aure bayan shekara 80, ta mutuwa bayan shekara 30, ta haihuwa bayan 110, duka kuwa sun wuce a kansa. Na rubuta wasiƙu biyu kafin in kwanta, ɗaya zuwa Stuttgart, ɗaya zuwa ma'ajiyar takardun garin nasu, ina neman ranar dawowarsa daga Ingila da ranar mutuwarsa da sunan duk wanda aka rubuta a matsayin iyalinsa.