Gidan Utako: ga nawa ɓangaren labarin

Na ajiye aiki a kamfanin dillancin gidajen da na daɗe ina yi wa hidima, kuma da yake kowa ya ji labarin gidan Utako da ke Abuja daga bakin oga, wanda ya ɗora mini laifin rushewar cinikin, bari a ji shi daga nawa bakin.

Gidan ba shi da aibi, C of O ɗinsa, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ma na asali ne. Sai dai sunan da ke kan takardar ba na Alhajin da ke sayarwa ba ne. Shi ya saya a hannun wani, wancan kuma a hannun ma'aikacin da aka fara bai wa filin, kuma duka cinikin biyu da takardar wakilci aka ƙulla su, wadda ke ba mai saye iko da gidan ba tare da an canza suna ba, don a guje wa jira da kuɗin rajista. Duk dillalin Abuja ya san wannan dabarar. Ya kuma san sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce mallaka ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna, a nan Abuja kuwa sai ministan birnin. Tun 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan sa hannun.

Da na dawo daga bincike a ofishin filaye na ce wa oga, "Yallaɓai, sunan fayil bai taɓa canzawa ba, kuma akwai bashin shekaru na kuɗin ƙasa, wanda ake biyan gwamnati duk shekara." Ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba. Ya ce, "Kai lauya ne ko dillali? Karɓo kafin alƙalami, sauran ka bar mini. Ina da mutane." Da dare na sake tura masa maganar a rubuce ta WhatsApp. Ya karanta, bai amsa ba.

Mai sayen wata Hajiya ce, ma'aikaciyar jinya, ta sayar da gonar gadonta ta biya kafin alƙalami, sauran kuma banki zai cika. A gabana oga ya yi mata alkawarin a sabon gidanta za ta yi azumi.

Banki ba ya cin alkawari. Lauyansu ya ce sai wanda sunansa ke fayil ya sa hannu a takardar sayarwa, sannan a nemi amincewar minista. Aka je nemansa, ashe ya daɗe da rasuwa. Sai neman magada: wasu a Kano, wasu a Kaduna, ɗaya a Ingila. Sai takardar kotu ta wanda zai tsaya a madadinsu. Babban ɗan, da ya ji farashin gidan yanzu, ya ce shi bai san mahaifinsa ya sayar da komai ba, har sai da aka "gan shi". Bayan nan ga bashin ƙasa, ga kimanta gida, ga kuɗin hatimi, sannan fayil ya shiga zagayensa. "Yana kan tebur." "An kai sama." "Ku leƙo mako mai zuwa." Ni ne mai leƙawar, har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya daina tambayata mai sanyi ko marar sanyi. Mutanen oga kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. A yi adalci, ofishin yana da jinkiri, amma mu muka kai musu fayil da gurguwar ƙafa.

Muna cikin haka aka saki naira a Yunin 2023. Dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024, siminti da rodi suka bi ta. Alhaji ya ce tsohon farashi ya tashi, kuma yarjejeniyar da oga ya rubuta da kansa ba ta ɗaure shi ba. Ya mayar wa Hajiya kuɗinta cif, kuɗin da a lokacin ba su iya mayar mata ko gonar da ta sayar. La'adar da kamfani ya cira tun farko ba wanda ya ƙara ambatonta.

Ranar sasanci, Hajiya na zaune da jakar takardunta a cinya, oga ya nuna ni da biro ya ce, "Hajiya, yaron nan ne bai bi fayil yadda ya kamata ba." Ba ta dube ni ba. Shi ta duba, ta ce "Allah ya isa," ta fita. Saƙon WhatsApp ɗin nan har yau yana wayata, da alamarsa shuɗiya.

Ga masu shigowa harkar: bincike kafin a karɓi sisi. A rubuta wa'adi da farashi a yarjejeniya, da wanda zai ɗauki asara idan takarda ta makale. A tambayi rasit ɗin kuɗin ƙasa, don a Maris 2025 an soke takardun filaye 4,794 a Abuja kan wannan bashin. In oga ya ce yana da mutane, a nemi sunan ko mutum guda.

Gidan dai an sayar da shi daga baya, ga wani ɗan kasuwa da ya biya kuɗi hannu, ba ruwansa da banki. Da takardar wakilci ta uku aka ƙulla cinikin, kuma oga ya sake karɓar la'ada.