Inda muka kwana kan daidaita girman zanen alƙaluma daga Excel zuwa PowerPoint

'Yan uwa masu koyo, aikin wannan zagaye shi ne zane shida da za su hau shafuka uku na PowerPoint, bibbiyu a kowane shafi, kuma ana so idan mai gabatarwa ya wuce daga wannan shafi zuwa wancan kada zane ya yi tsalle. Jan kusurwa da linzami ba ya biyan wannan buƙata. Ido zai ce sun yi daidai, amma majigi na haska su a bango bambancin zai fito fili. Lamba ake rubutawa.

Awon kuma daga shafin PowerPoint ake ɗauko shi. Tun daga fitowar 2013, sabon shafi yana zuwa da faɗin santimita 33.87 da tsayin 19.05, wato 16:9. Shi kuwa Excel yakan fitar da sabon zane a faɗin 12.7 da tsayin 7.62. Don zane biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa mun tsayar da faɗi 15, tsayi 11. Na hagu ya fara daga 1.43, na dama daga 17.43, ratar santimita ɗaya a tsakaninsu, dukkansu su sauko 4.5 daga sama don kanun shafi ya samu wuri. Wanda majiginsa tsohon yayi ne na 4:3, faɗin shafinsa 25.4 ne, sai ya sake lissafi.

A Excel, a danna zane na farko, a riƙe Ctrl a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Shape Format zai bayyana a sama, a can ƙarshen dama akwai gurbi biyu na tsayi da faɗi, a rubuta 11 da 15. Idan zanen suna da yawa, a danna F5, a shiga Special, a zaɓi Objects, sai dai wannan yana kwaso har hotuna da akwatunan rubutu, sai an cire su kafin a sa lamba.

Wurare biyu ke kawo cikas a nan. In aka rubuta tsayi sai faɗi ya sauya da kansa, to Lock aspect ratio ne a kunne, a shiga Size a cire alamar. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Excel yana ɗaure kowane zane da gidajen tebur (cells) da ke ƙarƙashinsa, saboda haka da an faɗaɗa ginshiƙi ɗaya ko an ɓoye layuka, zanen da ke kai sai ya miƙe ko ya tsuke, aikin jiya ya rushe. A Properties a mayar da shi kan Don't move or size with cells, kuma a yi haka tun kafin a sa awo.

Yanzu ga inda aikin ya fi cin lokaci, kuma a ganina nan ne ainihinsa. Firam shida sun zama ɗaya, amma filin ciki, inda sanduna da layuka suke tsayawa, bai zama ɗaya ba. Excel yana fara ware wa rubutu wuri ne, abin da ya rage shi ne rabon filin. A ɗauki zanen kuɗin ciniki mai lambobi irin 1,250,000 a gefen hagu, a ajiye shi kusa da na adadin buhuna mai 45 da 60. Na farkon lambobinsa sun cinye gefe, sandunansa sun matsu zuwa dama, na biyun ya baje abinsa. Haka in kanun wani ya karye zuwa layi biyu, filinsa zai gajarce daga sama. In sunayen watanni suka kwanta a karkace don ba su samu wuri ba, ƙasansa zai ɗago.

Maganin shi ne a daidaita rubutun tukuna. A Format Axis a sa Display units kan Thousands ko Millions, lambobin su gajarce. Kanu ya tsaya a layi ɗaya, ko a cire shi gaba ɗaya a rubuta a PowerPoint. Bayanin launuka ya koma ƙasa a duka shidan. Girman rubutun gefe, da ke zuwa a 9, a ɗaga shi zuwa 12 aƙalla, domin na bayan ɗaki ma mai kallo ne. Idan kuma zane biyu abu ɗaya suke aunawa, a rubuta musu Minimum da Maximum iri ɗaya, in ba haka ba sandar 60 za ta yi tsayi ɗaya da ta 600, mai kallo ya tashi da fahimtar da ba ita ba.

Mai zane ashirin ko fiye, ya danna Alt da F11, ya buɗe Module, wato wurin rubuta umarni a Excel, ya sa wannan ɗan umarni da zai ba duk zanen da ke shafin awo ɗaya:

Sub Daidaita()
For Each z In ActiveSheet.ChartObjects
z.Width = 425
z.Height = 312
Next z
End Sub

Awon nan da maki (points) ne, 72 a inci ɗaya, kimanin 28.35 a santimita, shi ya sa 15 da 11 suka koma 425 da 312. Ctrl da Z ba sa mayar da abin da ya yi, don haka a adana kwafi kafin a kunna shi, kuma a adana fayil ɗin a nau'in xlsm don ya riƙe shi.

Saura liƙawa a PowerPoint, inda ake zaɓa tsakanin Embed, Picture da Link. Idan akwai gurbin abun ciki da aka zaɓa a shafin, zanen zai ɗauki girman gurbin ya watsar da namu, don haka a yi amfani da tsarin Title Only, mai gurbin kanu kawai. Zaɓin Embed yana shigar da littafin Excel ɗin kacokan cikin fayil, duk wanda aka tura wa zai iya buɗe sauran shafukansa, har da waɗanda ba a so ya gani. Picture ba ya ɗauko komai sai hoton, amma in aka ja shi ta gefe ɗaya haruffa za su lotse, kuma in alƙaluma suka sauya sai an sake liƙawa. Mu Link muka zaɓa, wanda ke barin zanen haɗe da fayil ɗin Excel, muka bar fayilolin biyu a jaka ɗaya. Bayan liƙawa a sake duba 15 da 11, a rubuta 1.43 ko 17.43 da 4.5 a Position, sannan a danna F5 don fara gabatarwa, a bi shafukan da sauri, ido na kan layin ƙasan zanen, a ga ko yana motsi.