Dubu 20 ɗina da ta tafi da sunan za a saka autata a talla

Wannan labarin na daɗe ina son rubuta shi, kunya ce ta hana ni, don ni da nake ganin na waye shekara goma sha ina zaune a Agege amma aka wanke ni tas.

Wata Asabar ce mun je wani mol a Ikeja siyayyar kayan makaranta, autata lokacin shekararta 6, tana gaba tana tsalle-tsalle da ɗan hijabinta ruwan hoda, sai wata mata ta sha gabanmu, ta sha ado ga katin wuya a rataye, tace Hajiya wannan yarinyar taki ai kuɗi ce kike yawo da ita, irin fuskarta kamfanonin madara suke nema. Ta karɓi lambata. Toh uwa dai kun san mu, a yabi ɗanki kanki ya kumbura.

Kafin mu isa gida saƙo ya shigo WhatsApp, wai an zaɓe ta, in biya N20,000 kuɗin fom kafin 12 na dare don gurbi biyu ya rage. Akawun ɗin sunan mutum ne ba na kamfani ba, na gani da idona, zuciyata ta ɗan yi rawa amma na tura, ko Abbansu ban faɗa wa ba. Ranar da suka kira mu tantancewa, wani hol ne sama da shaguna, yara maƙil, kowace uwa an ce mata nata ne aka zaɓa. Ba wanda aka ce ya koma gida. Yaro ya yi tafiya daga bango zuwa bango a tafa masa, shikenan ya ci, sai a miƙo wa uwar takarda, hoto N60,000 kuma dole wurin mai hotonsu, horaswa ta wata uku wani kuɗin daban. Nan na gane tantancewar aljihunmu ake yi. Na ja hannun 'yata muka fito, a danfo tana tambayata Umma yaushe zan fito a talabijin, wlh na rasa me zan ce mata.

Maƙwabciyata Bayarabiya ce ta buɗe min ido, ɗanta ya taɓa fitowa a tallar taliyar yara. Da ta gama yi min dariya tace ejan na gaskiya, wato mai nemo wa yaro aikin talla, ba ya cin kuɗinki, sai ɗanki ya samu aiki an biya sannan ya cire kasonsa, wasu kashi 10 wasu 20 cikin 100, ya danganta da yadda kuka yi. Idan ɗanki bai samu ba shi ma bai samu ba, shi yasa yake zaɓe, yana iya ce miki a'a. Wanda ke karɓar kowa da kowa kuwa daga fom yake ci. Ita ta nuna min yadda ake shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a buga sunan kamfani a ga ko yana da rajista, kyauta ne. Na buga sunan waɗancan mutanen, babu su babu alamarsu. Amma fa rajista kaɗai ba shaida bace, a tambaye su wane talla yaransu suka yi, a nemi ganin ofis, a yi magana da wata uwar da aka taɓa biya.

Da na samu ejan na gaskiya, hoton ma da waɗancan suke ta zuzutawa, da waya na ɗauka. Na tsayar da ita jikin farin bango kusa da taga da safe, ba hoda ba jan baki, ɗaya fuska ɗaya tsaye gaba ɗaya, sai ɗan bidiyo tana faɗin shekarunta da Turanci da Hausa, na rubuta tsawonta da lambar takalmi. Yaro wata shida ya canza, haƙori ya faɗi wani ya fito, me za a yi da hoton dubu 60?

Abin da ban sani ba da, Hausar nan tamu jari ce a Legas. Manyan kamfanonin talla a nan suke, Ikeja da Lekki da Biktoriya Ailan, kuma suna son kasuwar Arewa musamman in azumi ya gabato, sai ka ji ana neman iyali Hausawa, yaro mai Hausa a baki ba wanda aka haddace masa ba. Ga kuma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, da ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan Najeriya tun 1 ga Oktoba 2022, har da masu ɗora murya.

Sai dai wahalar ba a faɗa. Daga Agege zuwa Lekki ana sallame asuba muke fita saboda goslo, a zauna awa huɗu a layi, a shiga minti uku a fito. Sau biyar muna zuwa ba a kira mu ba. Na shida aka ɗauke ta tallar kayan shayi ta azumi, ita ce 'yar da ke miƙa wa kaka kofi, kalma huɗu ta faɗa amma wuni guda aka yi ana maimaitawa, fitilu da zafi, ta yi kuka sau biyu.

Abbansu da farko ya ƙi, yace 'yarsa ba 'yar fim bace, sai da Hajiyarsa ta sa baki daga Katsina, shi ma da sharaɗi: ba a cire mata hijabi, ba ranar boko ba, Islamiyya in ta rasa ta rama, kuma ƙafata ƙafarta. Wannan na ƙarshen ko bai faɗa ba. Ko ɗakin canza kaya tare muke shiga, wanda yace iyaye su jira a waje a rufe ƙofa mun tafi kenan. Akwai wani a Instagram da ya taɓa neman in turo hotonta da kayan wanka wai na tallar sabulu, ban ma amsa ba na toshe shi. Masu cewa a kawo fasfo za a kai yaro Dubai ko Landan kuwa, wannan maganar NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane, ba ta ejan ba.

Takardar yarjejeniya ƙanina na ba wa ya karanta min layi-layi, nawa za a biya, yaushe, wata nawa za su yi amfani da fuskarta, talabijin kaɗai ne ko har allon titi da intanet, don kowanne kuɗinsa daban. Kuɗin sai bayan wata biyu ya shigo, ejan ya cire nasa ya turo sauran, na buɗe mata akawun na yara na zuba, sai keke da ta dame ni a kai na siya mata a ciki.

Satin da ya wuce saƙo ya sake shigowa daga lambar matar nan ta mol, sunan kamfanin ne kawai ya canza, wai an zaɓi 'yata, gurbi biyu ya rage, fom yanzu N35,000. Na tura wa maƙwabciyata, tace ita ma jiya aka zaɓi nata, ɗan da yanzu har gemu ya fara fito masa.