Ruwa tukuna, sannan wuta: abin da ke kashe hita a gidajen Kano

Hitar banɗaki a Kano kusan wata takwas take yi ba wanda ya waiwaye ta. Daga Maris, lokacin da ruwan tankin sama ke saukowa da zafinsa tun kafin azahar, har damina ta wuce, ba ta da aikin yi. Sai iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba, hazo ya sauka, leɓe ya fara tsagewa, sannan a tuna da ita. A danna makunni ba tare da an duba komai ba. Da yawansu a wannan dannawar farko suke mutuwa.

A Rijiyar Zaki nake zaune, Hajiyata kuma tana wurina. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta yarda ta bar alwalar asuba don sanyi. Saboda haka ruwan ɗumi a gidanmu ba gata ba ne, larura ce, shi ya sa na zauna na koyi yadda hitar take aiki. Yawancin abin da na sani daga bakin wani dattijo mai gyaran famfo na ji shi, mutumin da ya fi son ya nuna maka abu da ya karɓi kuɗinka ya tafi. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, ba tsufa ke kashe hita a garin nan ba. Wuta da ruwa ne ba sa zuwa tare." Duk abin da na gani daga baya gaskata shi ya yi.

Ka duba ƙarƙashin hitar bango, za ka ga bututu biyu. Mai shuɗin zobe shi ne na shigar ruwan sanyi, mai jan zobe na fitar ruwan zafi. A ido kansu ɗaya, amma a ciki ba haka ba ne. Na sanyi gajere ne, a ƙasan tukunyar yake zuba ruwa. Na zafi dogo ne, ya miƙe har kusa da sama, domin ruwan zafi sama yake tashi. Idan ka buɗe famfon zafi, ruwan sanyin da ke shigowa ta ƙasa shi ke tura na zafin ya fita ta sama. Wato muddin tankin gidanka ya ƙare, famfon zafi ba zai ba da ko ɗigo ba, alhali tukunyar hitar cike take. Haka aka tsara ta, don kada ƙarfen da ke dafa ruwan, wanda masu gyara ke kira elimen, ya taɓa zama a fili.

To ta ina take zama fanko? Ta bututun sanyi. Akwai wani ɗan bawul na tagulla da ke zuwa a cikin kwalin hita, mai ɗan hannu da ɗan baki a gefe. Aiki biyu yake yi. Yana barin ruwa ya shiga amma ba ya barinsa ya koma, kuma idan matsi ya yi yawa a tukunya yana buɗewa ya rage. Idan wanda ya ɗaura hitar bai sa shi ba, ko yashi ya maƙale a cikinsa ya daina rufewa, to ranar da tanki ya ƙare wani ya buɗe famfon tsakar gida yana neman ragowar ruwa, ruwan hitar ne zai sulale ya fito masa. Ba wanda zai sani. Can cikin dare a kawo wuta, makunni kuwa a kunne aka bar shi tun jiya ana jiran NEPA, elimen ya ɗau zafi a cikin iska. Ruwa ne ke ɗauke masa zafi, idan babu ruwa cikin ɗan lokaci kaɗan ya ƙone. A unguwannin da ruwan Challawa ko Tamburawa ke isa kullum wataƙila wannan ba ya yawan faruwa. Mu da muka dogara da burtsatse da 'yan garuwa, wanda sai da wuta ko janareta ake tura ruwa sama, shi ne babban mai kashe mana hita.

Maganinsa ba ya cin ko kwabo. Kafin a taɓa makunni, a buɗe famfon zafi. Idan ruwa ya zubo a miƙe, ba tari ba feshin iska, tukunya cike take, a kunna. Idan bai zo ba, a bar ta a kashe har a cika tanki. Na koya wa kowa a gidan, har autarmu da ke firamare ta san shi. Kuma ba ma kwanciya da hita a kunne idan babu wuta.

Idan ta ƙi yin zafi, kada a yi saurin yanke mata hukunci. Wani lokacin lafiyarta ƙalau, wutar ce ba ta cika ba. Hitarmu mai lita 50 ce, elimen ɗinta wat 1,500, an yi shi don wuta mai ƙarfin bolt 230. Ɗaga lita 50 daga ma'aunin zafi 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 2.3 a mita, wato wajen awa ɗaya da rabi idan wuta ta cika. Amma idan aka kawo rabin wutar nan da fanka ke juyawa da ƙyar, a ce bolt 160, ƙarfin elimen ba kaɗan yake raguwa ba, ƙasa da rabi yake komawa. Aikin awa ɗaya da rabi sai ya haura awa uku. Na ga maƙwabcin da ya kusa cire hita mai lafiya saboda wannan. Ƙaramin janaretan nan na kallo da fanka kuwa, kada ma a gwada, ba zai ɗauke ta ba.

Idan wuta ta cika, fitilar jikin hitar kuma ba ta kama ba, a duba bireka, wato abin yanke wuta da ke cikin akwatin wutar gida, da makunni. Makunnin hita nasa daban ne, mai amfiya 20, da wayarsa mai kauri tun daga akwatin wuta. Idan ka ga fuskarsa ta yi baƙi ko kana jin ƙaurin roba, waya ce ta yi sako-sako a ciki tana zafi, kuma wannan hanyar gobara ce. Bayan shi sai tamostat, wanda ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. A jikinsa akwai ɗan maɓallin kariya da ke faɗuwa idan zafi ya wuce kima. Ana iya danna shi ya koma, bayan an kashe wuta daga bireka. Amma idan ya sake faɗuwa, kada a yi ta dannawa, akwai dalili. Na ji ana cewa wasu masu gyara kan tsallake shi su haɗa waya kai tsaye don aiki ya yi sauri. Duk wanda ya ce zai yi maka haka, sallame shi cikin mutunci. Shi kansa elimen, mai aikin wuta na gwada shi da mitarsa cikin minti biyu: mai wat 1,500 zai nuna wajen om 35, idan bai nuna komai ba ya tsinke. Ka ce a gwada a gabanka kafin a aike ka kasuwa.

Sai maganar farin dutsen da ke taruwa a ciki. Leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta, za ka ga farin abu ya kama gindinta. Irinsa ne ke lulluɓe elimen. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadarai narkakku, zafi ke sa su daskare, kuma yawansu ya danganta da ruwan unguwarku. Alamarsa ita ce hita ta riƙa ƙara tana tafarfasa ƙasa-ƙasa, ruwa na jinkirin zafi, mita na cin kuɗi fiye da da. Idan ya yi kauri, zafi ba ya fita daga elimen yadda ya kamata, sai ƙarfen ya tsage. Ga kuma yashi da laka da burtsatse ke turowa su kwanta a ƙasan tukunya.

Don haka duk shekara, a watan Oktoba kafin layi ya yi wa masu gyara yawa, nake kiran dattijon nan mu buɗe ta. A kashe wuta daga bireka, ba daga makunni kawai ba, a gwada a tabbatar. A bari ruwa ya huce. A rufe ruwan shiga, a buɗe famfon zafi don iska ta samu hanya, a zubar da ruwan ta ƙasa. Sannan a kwance farantin da ke riƙe da elimen. Abin da ke fitowa a shekarar farko zai ba ka mamaki, mu kusan rabin kwano muka kwashe. Elimen ɗin a jiƙa shi a ruwan khal ya kwana, a goge da buroshi, kada a kankare da wuƙa. Robar da ke tsakanin farantin da tukunya a canza ta, tsohuwa ba ta cika komawa ta riƙe ruwa ba.

A nan ne za ka ga wata sanda da yawancin masu hita ba su san da ita ba, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar kuɗinka. Sandar maganiziyam ce, a ɗaure kusa da elimen. Tukunyar ƙarfe ce da aka shafe cikinta da wani rufi mai kama da tangaran, kuma rufin ba ya rasa 'yan tsagu. An sa sandar ne don ruwa ya ci ta maimakon ya ci ƙarfen. Tana cinyewa a hankali, ranar da ta ƙare tsatsa ta koma kan tukunya. Elimen ana canzawa, tamostat ana canzawa, amma tukunyar da ta huje ba ta da gyara, sai sabuwar hita. Idan ka ga sandar ta rame ta koma kamar waya, canza ta. Ka tafi da tsohuwar a hannu, ko France Road a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, domin tsayi da zaren kusa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Haka ma elimen, kada ka saya da ka.

Wani abu da ke tayar wa mutane hankali a farkon hunturu shi ne ruwan zafi ya fito da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan da ya yi watanni a kwance ne, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. A zubar da shi duka, a wanke, a cika da sabo, a dafa shi sosai. Ni a 60 nake barin tamostat. Ƙwayar Legionella, mai jawo ciwon huhu mai tsanani idan aka shaƙi feshin ruwan da take ciki, tana yaɗuwa ne tsakanin 20 da 45, ba ta jure 60. Sai dai ruwa mai zafin 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, balle ta yaro ko ta tsoho. Shi ya sa ni nake sirka wa Hajiya a bokiti, sanyi tukuna sannan zafi, in taɓa da hannuna. Takan ce, "Kai dai ba ka gajiya, Allah ya yi maka albarka," ni kuwa na fi samun natsuwa da hakan.

Ɗan bawul ɗin nan na tagulla, idan ka ga yana ɗiga lokacin da hita ke aiki, ba lalacewa ya yi ba. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, lita 50 kan ƙaru da fiye da rabin lita, dole ya samu mafita. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana. Na taɓa shiga wani gida na ga an toshe bakinsa da kusa don yana jiƙa tayil, sai da gabana ya faɗi. Tukunya a rufe ruf, idan tamostat ya maƙale ruwa ya tafasa, fashewa za ta yi. A riƙa ɗaga ɗan hannunsa lokaci-lokaci a ga ruwa ya fito, don kada ya daskare.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne jan wuta. Idan ka taɓa famfo ko shawa ka ji ɗan tsir a yatsa, kada ka ce ai kaɗan ne. Elimen ne ya tsage wuta na shiga ruwa, ko waya ta taɓa jikin hita. Mutum a jiƙe, ƙafa ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen tayil, abin da ba zai yi masa komai a falo ba zai iya kashe shi a banɗaki. Gidaje da yawa an ja musu waya biyu kawai, babu ta uku mai launin kore da rawaya da ke tafiya zuwa sandar da aka binne a ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira at. Ka sa a duba maka ko tana nan kuma a haɗe take da jikin hitar. Ka sa a ƙara bireka mai jin yoyon wuta, mai miliamfiya 30, wanda ke yankewa nan take. Ko da duk waɗannan, a gidanmu sai an kashe hita ake shiga wanka. Hitar bokiti ma da ɗalibai da masu haya ke amfani da ita haka ne, har ta fi haɗari: a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ji ko ruwa ya yi, kuma kada a bar ta inda yaro zai kai.

Kashe ta kafin wanka ba ya rage komai, domin tukunyar a naɗe take da abin riƙe zafi. Idan an kawo wuta da daddare na tabbatar da ruwa, na kunna awa biyu na kashe, da asuba ruwan na nan da zafin da ya ishi alwalar Hajiya da wankan 'yan makaranta. Aljihu ma ya fi samun sauƙi. A Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗaya na masu rukunin A na wutar lantarki (Band A) naira 225, a wancan farashin kowace dafawa ta haura naira 500. Wanda ya bar ta a kunne dare da rana yana biyan kuɗin zafin da ke tsiyayewa a banza, ga dutsen da ke ƙara taruwa a kan elimen. Idan Maris ya zo kuwa, daga bireka nake kashe ta, in manna ɗan tef a kai don kada wani ya ɗaga kafin Oktoba.