Damin kore na Spider-Man: inda na kwana bayan mako biyar

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau mako biyar ke nan ina fama da dami guda a Marvel Champions, wasan katin nan da kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya fitar a 2019. Ga wanda bai taɓa zama a kansa ba, ba irin Whot ɗinmu ba ne da kowa ke neman ya kayar da na kusa da shi. A nan mutum ɗaya zuwa huɗu ne ke haɗa kai su yaƙi mugu guda, kowa da jaruminsa da damin katinsa. Dami ba ya gaza kati 40, ba ya wuce 50. Guda 15 na jarumin ne, dole su shiga, sauran kuwa kai za ka zaɓo daga launi ɗaya, ka haɗa da katunan gama-gari. A akwatin farko launi huɗu ne: ja na duka, rawaya na rushe makirci, shuɗi na tara mataimaka, sai kore na kariya. Ni kore na ɗauka, jarumina kuma Spider-Man.

Dalilin zaɓensa a fili yake. Ƙarfin tarewarsa 3 ne, kuma duk lokacin da mugu ya ɗaga hannu zai kai masa hari, sai ka ja kati ɗaya. Wato dukan da ake kawo masa ma riba ce. Rauninsa kuma shi ne jininsa 10 kacal, ƙarfinsa na rage barazana 1 tak. Barazana ita ce alamomin da ke taruwa a kan katin makircin mugu, in sun cika an ci ka.

Damina na farko, in faɗi gaskiya, asibiti na gina. Na cika shi taf da kati 50, na zuba Med Team uku, Second Wind uku, har da First Aid, ina ganin in dai ba a kashe ni ba ai nasara tawa ce. Na zauna da Rhino, wanda shi ne mugu mafi sauƙi a akwatin, ni kaɗai. Bai kashe ni ba kam. Sai dai makircinsa, The Break-In!, barazana 7 kawai yake buƙata ga mutum ɗaya, kuma kowane zagaye ana ɗora 1. Ina nan ina shafa wa kaina magani, jinina cike, ya fasa ginin ya kwashe kaya, wasa ya ƙare. Sau uku a jere haka. Ƙanena da ke gefe yana kallo ya ce, "Yaya, ai kai mai gadi ne da ya kulle kansa a ɗaki ya bar ɓarawo a tsakar gida." Na so in musa, ban sami abin cewa ba.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne kuɗin da tarewa ke ci. In jaruminka ya tare hari, sai ka kwantar da katinsa, alamar ya gaji. Katuna kuwa a ƙarshen zagayen 'yan wasa suke miƙewa, kafin mugu ya motsa. To ka ga, in ka tare a zagayen mugu, jaruminka zai wayi gari a kwance, ba duka, ba rage barazana, har zagayenka ya wuce. Haka ma hannu. A ƙarshen zagayenka kake cika shi zuwa kati 5, duk katin da ka kashe wajen kariya a zagayen mugu, ragi ne daga abin da za ka yi aiki da shi gobe. Tun da a wasan nan da kati ake sayen kati, ka zubar da wasu ka biya kuɗin wani, hannu mai kati uku talauci ne tsantsa. Da na fahimci wannan sai na daina tambayar wane kati ne zai hana ni mutuwa, na koma tambayar wane ne zai biya ni ladan tarewa.

Mako na biyu na kwashe asibitin gaba ɗaya. Dama ɓarnar wuri ce, domin in ka juya katin zuwa Peter Parker, wato ka koma farar hula, hutunsa na mayar da jini 3, katin Aunt May kuma na ƙara 4. Jini 7 cikin 10 a zama ɗaya, me ake nema kuma? Na sauko da damin zuwa 40 cif, saboda katunan da nake jira su riƙa zuwa da wuri.

A nan lissafi ya shigo, kuma shi ne ɓangaren da ya fi yi mini daɗi. Harin mugu ba lambar da ke jikin katinsa kaɗai ba ce. Ana ajiye masa katin ƙari a rufe, kuma sai ka yanke shawarar tarewa tukuna a buɗe shi. A akwatin farko ƙarin daga 0 zuwa 3 ne. Mugu mataki-mataki ne, in ka ƙarar da jinin wani mataki sai ya hau na gaba. Rhino a matakin farko ƙarfinsa 2, saboda haka dukansa tsakanin 2 da 5 yake. Da tarewa 3, ƙarin 0 ko 1 ne kawai ba zai taɓa ni ba. In na sa Armored Vest, rigar da kuɗinta 1 kuma take ƙara tarewa da 1, sai ƙarin 3 kaɗai ke ratsawa. A mataki na biyu ƙarfinsa ya koma 3, rigar ita kaɗai ba ta isa. Me ya sa nake damuwa da jini ɗaya tak? Saboda katunan da suka gyara mini damin duk sharaɗinsu ɗaya ne: ka tare, kada ko ƙwarzane ya same ka.

Biyu daga ciki a fakitin Doctor Strange na 2020 na same su. Unflappable yana zaune a gabanka, in ka tare ba a ji maka ba, ka ja kati ɗaya. Desperate Defense kuma, kuɗinsa 1, yana ƙara tarewa da 2 a wannan harin, in ka fita lafiya jaruminka ya miƙe tsaye. Da riga da shi tarewata 6 ke nan, daidai da mafi munin dukan Rhino na mataki na biyu in bai ɗauki wani makami ba.

Bari in ba ku zagaye ɗaya da ya faru daren Asabar, don shi ne ranar farko da na ji damin ya yi numfashi. Rhino na mataki na biyu, ina da riga da Unflappable a ƙasa, kati 5 a hannu. Ya taso, na ja kati, hannu ya zama 6. Na kwantar da Spider-Man, na buga Desperate Defense, na biya da kati ɗaya, saura 4. Na ɗaga katin ƙari a hankali kamar mai buɗe sakamakon jarrabawa: alama uku. Duka 6, tarewa 6, ko ƙura ba ta taɓa ni ba. Jarumi ya miƙe, Unflappable ya ba ni kati, hannu 5. Sai na sako Counter-Punch, wanda kyauta ne, na rama masa 2. Wanda ya san dambe ya san wannan, hannun garkuwa ya kare, hannun da aka naɗe ya biyo baya. Na shiga zagayena da kati 4 da jarumi a tsaye, na biya 3 na buga Swinging Web Kick, jini 8 ya zube.

Ga yadda guraben 25 suke yanzu. Counter-Punch uku, Desperate Defense uku, Indomitable biyu, shi ma yana miƙar da jarumi bayan tarewa kuma bai damu ko an ji maka ba. Armored Vest biyu da Unflappable biyu, duk da ɗaya-ɗaya ake sa wa mutum, don kada su maƙale a gindin dami, na biyun kuma ko ya zama kuɗi. Get Behind Me! biyu. Katunan kuɗi biyar, wato The Power of Protection biyu da Energy da Genius da Strength. Helicarrier da Avengers Mansion. Mataimaka huɗu: Luke Cage, Black Widow, Mockingbird da Nick Fury.

Luke Cage ɗan tauri ne na gaske, yana shigowa da alamar da ke shanye dukan farko komai girmansa, ga jini 5 a bayanta. Amma ku yi hattara da katin Charge na Rhino. Yana ƙara masa 3, kuma in ya kashe mataimakin da ya tare, ragowar dukan kanka yake sauka. Ranar da na ga Charge, Backflip nake riƙewa, don shi yana share dukan gaba ɗaya, ba ko sisi. Get Behind Me! kuwa da farko na ɗauke shi wauta: ka soke sharrin katin da aka buɗe, amma mugu ya kawo maka hari a madadinsa. Ga Spider-Man hari ai kati ne, ga kuma wata damar ramawa. Yanzu in na gan shi a hannu murmushi nake.

Barazana dai har gobe ita ce ciwon. Ni kaɗai, kusan duk mataimakin da ya shigo aikin rage ta nake ba shi, kuma na rage komawa farar hula, domin da zarar ka cire rigar jarumi mugu ba ya dukanka, makirci yake ƙullawa. Da ƙanena ya ɗauki Captain Marvel da rawaya sai abin ya zauna daram. Mugu yana motsawa sau ɗaya a kan kowane ɗan wasa, ni kuma in na miƙe bayan harin farko, sai in tare masa nasa, shi ya ji da makircin. Ku lura dai, in na tare wa wani ba na jan katin Spider-Man, tun da ba ni aka nufa da harin ba. Mun yi mako guda muna kuskuren nan kafin mu sake karanta katin.

Klaw, wani mugun da ke akwatin, ya rikita mini lissafi, don shi kati biyu na ƙari yake samu in zai yi duka. A matakin farko ƙarfinsa 0 ne, amma dukan na iya zama komai daga 0 zuwa 6, sai ka kashe Desperate Defense a kan iska. Ultron, mugu na uku, ya fi muni. Yana ɗauko katin saman damina ya kife shi ya zama ɗan korensa mai ƙarfi 1, kuma kowane ɗan kore dukansa daban, tarewa ɗaya ba ta rufe su duka. Har yanzu ban ci shi ba.

Mako mai zuwa zan gwada cire Indomitable ɗaya da Get Behind Me! ɗaya in sa Energy Barrier biyu, wanda ke hana jini 1 ya kuma mayar da 1 kan abokin gaba har sau uku, daidai wuyan yaran Ultron. Ina kuma jiran akwatin Galaxy's Most Wanted saboda Hard to Ignore, mai cire barazana 1 in ka tare lafiya. Wanda ya taɓa kayar da Ultron da kore shi kaɗai, don Allah ya faɗa mini mataimaka nawa ya sa, domin ina zargin huɗun nan nawa sun yi kaɗan.