Tazarar da ta kayar da Hillary

Yau a rediyo wani ya bugo waya yana cewa tunda Obama ya ci zaɓe sau biyu, ai launin fata da jinsi sun daina tasiri a zaɓen Amurka. Maganar ta tsaya mini a rai. Mai ƙyamar baƙar fata ko mace ba kasafai yake faɗa wa masu jin ra'ayin jama'a ba, sai ya kaɗaita da takardar ƙuri'a.

Kuma ba sai sun yi yawa ba. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'u kusan miliyan 3, amma tazarar da ba ta kai 80,000 ba a jihohin Michigan, Pennsylvania da Wisconsin gaba ɗaya ce ta kayar da ita, domin a Amurka sakamakon jiha-jiha ne ke fitar da shugaba, ba jimillar ƙuri'un ƙasa ba. A ganina, waɗanda suka ƙi ta don kawai mace ce sun kai wannan adadin.